Moɗa Mai Jan Fenti: Ga Malam Babaji

Ranar Alhamis, 14 ga Oktoba, 1999, muna shirin addu'ar yamma aka aiko daga Ƙofar Marusa cewa Ubangiji ya kira ka, Malam Babaji kafinta, dattijon ikilisiyarmu. Kwana tara ka yi a kwance. An ce har ƙarshe kana tambayar ko an gyara bencin baya.

Wasu za su faɗi yawan kujerun da ka sassaƙa wa majami'a kyauta, da yadda maƙwabcinka Alhaji Sa'idu ya rufe shagonsa kwana uku ya zauna karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Ni magatakarda ne, ban iya yabo ba. Abin da na gani zan rubuta, ko da bai yi mini kyau ba.

Shekara ashirin ke nan, lokacin da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, wani mutum mai suna Tanko ya soma zuwa sujada. Daga wajen Batagarawa yake takowa. Ya warke daga kuturta, har da takardar likita a aljihu, amma yatsun sun riga sun tafi. Mun yi masa maraba da baki, muka kuma bar masa bencin baya shi kaɗai.

Randar bakin ƙofa ce ta tona mu. Moɗa ɗaya ce, kowa da ita yake sha. Da Tanko ya sha, sai mutane suka daina jin ƙishirwa. Ni na kawo shawara a sayo masa wata, ni kuma na shafa mata jan fenti a bakin hannu don kada a yi kuskure. Tsabta na kira abin. Tanko ya dubi fentin, ya fahimta, ya ce mako mai zuwa ba zai wahalar da mu ba.

Ba ka yi wa kowa faɗa ba. Ka zo ka tsaya kusa da shi, ka ce, "Malam Tanko, sha ka miƙo mani, ƙishi nike ji." Ya tallafo moɗar da dungun hannuwansa ya sha, ka karɓa ka shanye sauran a gaban kowa. Da na same ka a gefe ina gunaguni, abin da ka ce kawai shi ne, "Magatakarda, Wanda muke bi, mi ya taɓa shafa ma fenti?"

Tanko ya dawo. Kowace Lahadi kuna shan ruwa tare, kuna zama a bencin baya. A hankali wasu suka matso, yau jikokinsa suna ƙungiyar mawaƙa. Ni dai ban hana ba, ban kuma taɓa moɗar nan ba. Ka sani, ba ka taɓa tuna mini ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Lahadin da ta wuce, bayan sujada, Tanko ya je randa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya sha, ya miƙa moɗar gefen dama kamar yadda ya saba, ya tsaya riƙe da ita. Babu kowa a wurin. Na je na karɓa na sha. Ruwa ne kawai, Malam, irin na kowace randa.

Allah ya ba ka hutawa a wurin Almasihu da ka bauta wa. Ya ta'azantar da matarka Mama Ma'u da 'ya'ya da jikoki, da Alhaji Sa'idu, da dukan ikilisiya. Ya riƙe Tanko, wanda ya rasa abokin sha. Ni kuma ya gafarta mini shekara ashirin. Amin.