Yatsun Jawahir

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu a wani ɗan ɗakin ƙarin karatu da ke Sabon Garin Kano, saman shagon masu tayoyi. A tsawon zamanin nan yara uku kacal na taɓa rantsewa a raina cewa za su zama likitoci. Biyu sun zama. Ta ukun ita ce Jawahir Modu.

Sunana Magret, 'yar Zariya ce ni. Yara na ce min Malama a gabana, abin da suke kirana a bayan idona kuwa Allah kaɗai ya sani, don ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Bakina ya riga hankalina isa wuri sau da yawa.

Jawahir 'yar Fagge ce. Barebari ne su, amma tun kakanta na wajen uba suka zama 'yan Kano. Mahaifinta, Malam Modu, yana da 'yar rumfar yadi a Kantin Kwari. Mahaifiyarta, Hajiya Zinariya, gyaran amare take yi: dilka, turaren wuta da lalle. Tun Jawahir na shekara tara take riƙe mata kwanon lalle, kafin ta gama sakandare kuwa hannunta ya fi na uwar iya zane. Wata rana hannun wata amarya ya kumbura saboda baƙin lalle, aka tura Jawahir ta raka ta asibiti. Can ta ga wata likita mace ta duba hannun sau ɗaya, ta faɗi abin da ya same shi ba tare da an gaya mata komai ba. Daga ranar yarinya ta ƙi zaman lafiya.

Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Na farko makinta bai kai ba. Na biyu ya kai, amma aka ba ta wani fanni daban, ta ce ba ta so. Sai Malam Modu ya ce to, na uku shi ne na ƙarshe. Ba mugunta ba ce. Hajiya Zinariya ta fara ciwon baya, ba ta iya dogon sunkuyo, sana'ar gida kuma tana neman hannu. In aka sake faɗuwa, Jawahir za ta karɓi kwanon lalle gaba ɗaya, a rufe maganar likita. Ita da kanta ta ce ta yarda.

A shekarar ta zo wurina. Kullum da hantsi sai ta ratso ta mahaɗar Bata a ƙafa, littafi a cikin hijabi, ta zauna a bencin gaba. Ba ta da surutu. In na yi tambaya sai ta bari kowa ya gama shirmensa sannan ta ɗaga hannu. Har haushi take ba ni wani lokacin, don na fi son in sami abin yi wa faɗa.

Jarrabawar nan, ga wanda bai sani ba, sai an ɗauki zanen yatsunka lokacin rajista, ranar zama kuma ka sake ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura a bakin ƙofa. In ta gane ka, ka shiga. In ba ta gane ka ba, ko kai ne ka haifi ilimi sai ka tsaya waje. Jawahir ta san haka. Wata uku ta daina sa lalle, in za ta kwaɓa wa uwarta ma sai ta sa safar hannu. Yatsunta suka yi fes.

Saura kwana tara kakarta ta wajen uba ta sauka daga Maiduguri, inda ta koma da zama tun rasuwar mijinta. Tsohuwa ce tukuf, ta sha doguwar hanya takanas don ta sa wa jikarta albarka. Jawahir ta durƙusa ta miƙa hannu za ta gaishe ta, tsohuwa ta riƙe hannun ta juya shi gaba da baya.

"Wa ya mutu miki?" ta ce.

A gidansu mace ba ta fita babbar rana da farin hannu sai mai takaba. Kaka ta ce ba za ta zuba ido jikarta ta tafi neman sa'a da hannun makoki ba. Jawahir ta yi bayanin na'ura, uwarta ma ta yi, tsohuwa ta fara tattara kayanta tana cewa tunda injin Bature ya fi ta daraja a gidan ɗanta, a kai ta tasha. Malam Modu ya sunkuyar da kai. Da la'asar Jawahir ta miƙa hannuwanta biyu, aka yi mata ƙunshi irin na da, wanda ake tsoma kan yatsu gaba ɗaya a ɗaure da leda.

Washegari ta zo aji hannu a cikin hijabi. Na ce ta rubuta, ta fito da shi. Yatsu goma sun yi jawur har sun koma baƙi-baƙi. A makon kuwa na karanta gargaɗin cewa lalle na iya hana na'ura karanta yatsa. Da na tsaya na yi tunani, da na ce ta bar shi ya koɗe da kansa. Amma fushi ya riga ni.

"Ki je ki goge shi ko da mene ne," na ce. "In kika je da wannan hannun, sai dai ki kalli ƙofa."

Ban gaya mata yadda za ta goge ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Gidan masu lalle ai ba a koya musu. Ita da uwarta suka shige banɗaki a ɓoye don kada Kaka ta gani. Suka fara da lemun tsami da toka. Da suka ga bai yi ba suka ɗauko dutsen goge kaushi. A rana ta uku suka jiƙa yatsun a ruwan bilicin wanki.

Rana ta huɗu ta nuna min hannun tana murmushi. Launin ya tafi, gaskiya. Amma kan yatsun ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar cikin sabon kwano, biro ma da ƙyar take riƙewa. Ni da nake koyar da hawa-hawan fata, na duba na nemi 'yan layukan nan na rasa. Na ce ta daina, ta riƙa shafa man kaɗanya. Ta tambaye ni ko za su dawo kafin Asabar, ranar jarrabawa. Na ce in Allah ya yarda, alhali na san fata ba ta sauri don wani yana da jarrabawa.

Kwanakin da suka rage ba ta kuskure amsa ko ɗaya ba. Ni kuwa duk amsar da ta bayar daidai sai in kalli yatsunta. Ranar Alhamis yatsun suka fara saɓa.

Ban saba raka ɗalibi wurin jarrabawa ba, amma ranar Asabar na je. Na tsaya ƙarƙashin dalbejiya tare da iyayen yara, ina kallon layi yana raguwa. Aka rufe ƙofa. Can bayan kusan awa ɗaya sai ga ta ta fito a hankali, takardarta a hammata. Ta ce ma'aikacin ya yi ƙoƙari, ya goge gilashin, ya gwada yatsun goma ɗaya bayan ɗaya, har sau uku. Na'ura ba ta ga komai ba.

Kafin in yi magana ta riga ni.

"Malama, yarinyar da ke gabana a layi, ƙunshi ne da ita har wuyan hannu. Ya fi nawa baƙi. Sau biyu ta ɗora, ta shiga."

Babu zargi a muryarta, da ma akwai da na fi jin sauƙi. Ta ɗan tsaya tana kallon ƙofar. Sannan ta juyo min da gefen jakarta, ta ce in zaro wayarta in danna mata lambar Baba, yatsunta ba za su iya ba. Na zaro, na danna.