Furen da Ya Amsa Kira

A ƙarshen wata damina na faɗo daga bishiyar tsamiya a Maruta, ƙafata ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da karare, aka kwantar da ni a ɗakin kakata, Inna Kande. Kullum tsarin ɗaya ne: da safe koko, da rana kallon rufin ɗaki, bayan magariba tuwo. Yara kuwa sai su leƙo ta taga suna kirana Gurgu. Da farko ina kuka, daga baya na fara amsawa.

Ran nan Inna ta ji na amsa. Ta bari sai da aka ci tuwo. Ta gyara itacen murhu, ta ɗora wani ɗan fure a tafin hannuna, rawaya, zagayayye kamar maɓallin riga.

"Maigida, me ake ce da wannan?"

"Maɓallin makiyayi."

"A nan ke nan. A Sara aninin jeji ne. Mutanen Surko kuwa, da ba su da ta ido, ciyawar akuya suke cewa. To ga wata tatsuniya nan tafe, buɗe kunnenka tun da ƙafar ta ƙi."

Ta ce a da furen nan yana tafiya kamar kowa, yana cin kasuwa gari gari. Makiyayi ya fara kiransa maɓalli, ya waiga ya amsa, sai saiwa ta fito masa a ƙafa. Ya fizge ya wuce. 'Yan mata suka kira shi anini, ya amsa, wata saiwar ta fito. Ya ja da ƙyar. Sai manomi ya ce, "Kai ciyawa!" Don ladabi ya ce, "Na'am." Nan ƙasa ta riƙe shi a bakin hanya, yana kallon masu wucewa har yau.

"Iyakarta ke nan. Ragon miji, uban wa ya raɗa maka Gurgu? Rago aka yanka aka ce Sabi'u."

Na yi mata alkawarin ba zan ƙara amsa Gurgu ba, na kuma riƙe shi muddin tana raye. Ƙafar ta warke da ɗingishi. Da na koma Birnin Kudu na buɗe shagon ɗinki, masu kawo aiki suka fara cewa Gurgu Tela. Mai sana'a ba ya ƙin amsa kiran mai kaya. Na amsa na farko, na amsa na biyu, na daina lura.

A da na ɗauka Inna tsoratar da ni take yi. Bara wani ɗan'uwanmu ya zo daga Gwaram, ya yi ta zagaya kasuwa yana tambayar shagon Malam Sabi'u. Maƙwabcina, wanda muke sallah sahu ɗaya, ya ce masa ba a taɓa yin mai wannan suna a layin nan ba. Ina zaune a kan keken ɗinki, ina jin su.