Akun Gwaggo Barira

Gwaggo Barira a Zango ta yi zaman aurenta kaf, ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta Ɗanƙarami direban kamiyo ne, babbar motar kaya, sai ya yi wata yana hanya. Don kada kaɗaici ya cinye ta, ya sayo mata aku wurin wani Bakano: babba, ruwan toka mai haske, baki baƙi ƙirin, wutsiya ja kamar barkono. Tsuntsun ya ɗauke muryar maigidan tsaf, har da tarin da yake yi a zaure. Kullum da hantsi sai ya ce, "Barira, na dawo."

Da Ɗanƙarami ya rasu ta shiga takaba, akun bai daina ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa zabura. Wan mamacin, Alkasum, ya ce bai kyautu mamaci ya yi ta sallama a gidan makoki ba.

"Yaya, ku bar mini shi. Abin da ya rage mini ke nan."

"Sai kin fita takaba. Gero muka rasa a Dakusa, ko gyaɗa?" Ya ɗauki kejin ya tafi da shi can ƙauyensu.

Ranar da ta fita, ga Alkasum a bayan kabu-kabu, keji lulluɓe da zane. Ta yaye zanen, ta daɗe tana kallo. Wannan ƙarami ne, tokarsa ta yi duhu kamar gawayi, wutsiyar ja mai duhu, saman bakinsa fari-fari kamar ƙaho.

"Yaya, ina nawa?"

"Ga shi kuwa. Rama ya yi, abincin ƙauye ne bai karɓe shi ba."

"Rama har baki?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe wancan ya ƙi ci tun makon farko, ya mutu. Alkasum ya zaga kasuwa ya samo wani, a zatonsa aku duk aku ne.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kawo masa ruwa, ta tambayi lafiyar mutanen gida. Tsuntsun ma ta riƙe shi, ta ce ba shi da laifi.

Daga nan kullum da hantsi takan zauna gaban kejin, ta kaurara murya, ta yi ɗan tari, tana maimaita masa kalmomin nan. Damina ta wuce kafin ya buɗe baki.

"Barira, na dawo."

Muryarta ce ta fito, siririya, tana rawa. Gwaggo ta ɓare gyaɗa ta miƙa masa.

"Sannu da hanya," ta ce.