Ranar da Na Kai Ɗaliban Jami'a Gozaki

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtua, ni ke tuƙi. Sana'ata sayen hatsi da sayarwa, kuma motar da ta saba da buhu ita ce ranar ta ɗauki ɗaliban jami'a uku da malamarsu. Ɗaya ɗan ƙanwata ne da ya tashi a sitona. Tattalin arzikin noma yake karanta, ya faɗi darussa, har an yi masa gargaɗin ƙarshe: in ya sake faɗuwa a wannan zangon za a sallame shi. Na riga na gaya masa in hakan ta faru ya dawo sito, ba zan yi faɗa ba.

A hanya Malama ta bayyana mini tsarin. Ana haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban, a kai su wurin manoma, su gano matsala guda su warware ta tare, a ba su maki a kai. Ta biyu yarinya ce mai karatun kimiyyar amfanin gona, na uku saurayi ne mai koyon aikin jarida, bakinsa ba ya hutawa. Ɗan ƙanwata kuwa har muka wuce Bakori idonsa na kan taga.

Kaka ce, masara shanye a gefen titi, babura na kauce mata, mu muna kauce wa ramuka. A Malumfashi muka karya da waina da shayi. Duk wanda ka zauna kusa da shi kuka ɗaya yake yi: taki ya yi tsada, masara ta faɗi. Muka bi ta Kafur, hantsi ya yi mana a Gozaki, ƙofar gidan wani dattijo da na daɗe ina ciniki da shi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura.

Ko ludayi ba a ajiye ba ɗan jaridar ya ce, "Baba, buhu nawa ka samu bana?"

A ƙasarmu ba a yi wa manomi wannan tambayar. Da can tsoron baki ake yi, yanzu kuma ga masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Dattijon ya ce alhamdu lillahi, ya fara laluben takalmansa. "Alhaji, baƙin nan naka daga ina ma ka ce suke?"

Na buɗe baki zan gyara, Malama ta girgiza mini kai, aikin nasu ne. In dattijon ya shige gida, maki ya tafi. Sai ga ɗan ƙanwata ya durƙusa.

"Baba, a yi masa haƙuri, ɗan birni ne, a kwanon tuwo kawai ya san masara. Ba yawanta muka zo ji ba. A siton Kawu na ga ta bara tana zuwa da funfuna, ko ku ma ta taɓa ku?"

Dattijon ya yi dariya ya koma ya zauna. Ta taɓa shi ƙwarai, alhali a buhu mai leda ya zuba ta. Ya sa aka ɗebo ta bana a faifai. Ɗan ƙanwata ya ciji ƙwaya ya ce da sauran danshi. Yarinyar ta nemi kwalba da busasshen gishiri, ta zuba masarar ta girgiza, gishirin ya manne a jikin kwalbar, kowa ya gani. Ashe tsoron sata ke sa manoman su kwashe shanya tun ba ta gama bushewa ba. Nan yaron ya shiga bayanin yadda danshi ke karya darajar hatsi kafin lokacin da farashi ke tashi, da dalilin da ya sa shanya a kan tamfal cikin gida ta fi riba. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ɗan jaridar, da kunya ta sake shi, ya naɗi bayanin da Hausa don manoma su tura wa juna ta waya. Dattijon ya ba shi rake ya ce ya toshe bakinsa da shi.

A hanyar dawowa yaron ya ce, "Kawu, wallahi wannan darasin ne na faɗi. Ashe abin da nake gani kullum a sito ne aka rubuta da Turanci."

Mun shigo Funtua kafin magariba. Malama ta ce makin ranar ya tsallakar da shi wannan darasin, sauran kuma ƙoƙarinsa ne. Abin da na koya shi ne, yaro kan faɗi ba don kansa ba ya ja ba, sai don ba wanda ya haɗa masa aji da abin da ya sani a gida. Washegari na ɗauki wani yaro aiki a gurbin da na tanadar masa a sito, shi kuma na kai shi tasha ya koma makaranta.