Mama Dibora, Wadda Ta Mayar wa Fursuna da 'Yarsa

Mama Dibora ta rasu ranar Talata, 10 ga Satumba, 1974, da hantsi, a ɗakinta da ke bayan kasuwar Mubi, bayan jinyar mako uku. Ina wurin aiki labarin ya same ni. Na rubuta shi a littafina na kullum cikin layi ɗaya, yadda na saba, sannan na zauna ina duban layin, na ga bai ishe ta ba. Wanda Ya ba da rai Shi Ya karɓi abinSa, ba mu da ja.

Mama, kowa da abin da zai tuna ki da shi. Matan unguwar Mugulbu za su tuna haihuwar da kika karɓa musu, da yadda kike yi wa mazajensu faɗa in sun tsaya a ƙofa suna rawar jiki. Masu jinya da suka sauko daga kan dutse ba su san kowa a gari ba, za su tuna tabarmar da ke zaurenki da ƙosan da kike cewa wai ya ƙone ne, ba zai sayu ba, alhali lafiyarsa lau. Ni nawa daban ne, kuma shekara goma sha uku ke nan ina ɗauke da shi.

A 1961 ina akawun kotu, ban kai talatin ba, ina ji da farar rigata da kyan rubutuna. Lokacin ƙuri'ar raba-gardama ne, ko a bi Nijeriya ko a bi Kamaru, zukata sun yi zafi. Wani manomi daga Bahuli, Levi Vandi, ya yi faɗa a kasuwa a kan maganar, abokin faɗansa ya rasa ido. Aka ɗaure shi shekara biyar. Matarsa ta riga ta rasu. Ya bar 'yarsa Ƙauna, mai shekara huɗu, a hannun tsohuwarsa da ba ta gani sosai.

Damina ta yi nisa aka kawo yarinyar gari, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar kara. Ke kika karɓe ta daga asibiti, don babu mai zuwa dubanta. Ofishin kula da jin daɗin jama'a ya shigar da ƙara cewa uba ya yi watsi da 'yarsa. Bisa yadda muke aiki, sammaci gidan mutum ake kai wa, ta hannun mai gari. Sau uku masinja ya hau keke zuwa Bahuli, sau uku tsohuwar ta ce masa ɗanta ya yi tafiya. Mutanenmu ba sa faɗa wa baƙo cewa ɗansu yana gidan yari, kuma maƙwabta ba za su tona ta ba. A shekarar mutane da yawa sun tsallaka Kamaru, sai kowa ya ɗauka can ya nufa. Na rubuta da hannuna cewa an kira uba sau uku bai zo ba. Alƙali ya yanke cewa Levi ba shi da sauran iko a kan yarinyar, ke ce mai riƙonta har ta girma. Daga tagar da nake zaune ana ganin katangar gidan yarin.

Na sha gaya wa kaina cewa ban sani ba. Masu suna Vandi a ƙasar nan ba sa ƙirguwa, littafin manyan laifuka daban, na ƙananan ƙararraki daban. Amma na koma littafina na kullum, na tarar ranar 14 ga Maris na rubuta ɗaurin Levi, har da sunan ƙauyensu. Ko na manta ne, ko ban damu in tuna ba, har yau ban iya rabewa ba.

Ke kin binne 'ya'ya uku da miji, kika zauna ke kaɗai. Na ga yadda Ƙauna ta cika miki ɗaki. Kin ɗora ta a kan kunun gyaɗa har kumatu suka fito, kin yi mata kitso tana kuka kina tsokanarta da cewa kan nan nata kamar ƙwaryar da aka fafe a gurguje. Takardar kotu tana ƙarƙashin akwatinki, babu mai iya karɓe ta daga hannunki.

Sai wata safiya a 1963 aka fito da fursunoni yankan ciyawa a bakin hanyar da kike suya. Ɗaya daga cikinsu ya saki lauje ya tsaya yana kallon yarinyar, ganduroba yana daka masa tsawa bai ji ba. Ya kira sunanta. Ba ta san shi ba, ta ɓuya a bayan zanenki.

A ranar kika zo gidana, ko man suya ba ki wanke daga hannunki ba. Kika ƙi zama. Kika ce, "Akawu, uban yarinya nan yana da rai, yana nan kusa da ku. Kai ka rubuta bai zo ba. Da wane ƙafa zai zo?"

Na ce miki shari'a ta riga ta wuce, kuma in aka tayar da ita, ke za ki yi asara. Kika ce kin sani, ba lissafi kika zo in koya miki ba.

Kunya ta hana ni faɗin wannan a gaban mutane sai yau: wata goma sha tara na yi ina ja miki rai. Tayar da shari'ar yana nufin in tsaya gaban alƙali in ce kuskuren daga teburina ya fito, ni kuma ina tsoron aikina. Kowane farkon wata kina zuwa. Ba ki taɓa kai ƙarata ba, ba ki zage ni ba. Sai ki ajiye mini ƙosai a ganye, ki tambaye ni ko alƙalamin nawa ya warke. A tsakanin nan duk ranar da aka fito da fursunoni kina tura Ƙauna ta kai wa Levi ruwa, ki ce mata ta durƙusa ta ce Baba. Gandurobobi suka gaji da korar ta suka ƙyale.

A Janairun 1965 na rubuta wa alƙali takardar amsa kuskurena. Na sha faɗa, aka riƙe mini ƙarin girma, ban mutu ba. Aka kawo Levi kotu, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Da alƙali ya tambaye ki ko kina da ja, kika ce a bar miki ita har ya fito, daga nan 'yarsa ce. Aka soke hukuncin farko.

Ya fito a 1966. Ke kika ɗaure kayanta, kika ɗora a ka, kika raka ta Bahuli. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Levi ya fito da zafin rai, gona ta zama daji, yarinya ta saba da gari. Sau biyu ta gudo wurinki, sau biyu kika ba ta abinci, kika bari ta huta, kika mayar da ita da ƙafa. Asta maƙwabciyarki ta gaya mini bayan tafiya ta biyu kwana huɗu ba ki hura wutar suya ba. Na taɓa tambayar kaina ko da na yi shiru da ya fi wa kowa sauƙi. Ban taɓa jin ke kin yi wannan tambayar ba.

Ranar Laraba muka binne ki. Levi ne ya fara sara kabarin, ya hana samari karɓar diga sai da numfashinsa ya gaza. Da na je zaman makoki na tarar da Ƙauna a ƙofar ɗakinki, ta zama budurwa, tana ajin ƙarshe a makarantar horon malamai. Na tsaya ina shawarar wa ya kamata in fara yi wa gaisuwa, tun da ba ki bar ɗa ko ɗan'uwa a garin nan ba. Ta lura da ni, ta nuna inuwar da maza suke zaune, ta ce, "Malam Andrawus, fara da babana. Shi ya fi ni kuka."

Mama, Ubangiji Ya ji ƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya ba ki hutawa a wurinSa. Ya sa abin da kika saki da hannunki ki tarar da ninkinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Levi Vandi da 'yarsa Ƙauna, da Asta da ta yi jinyarki, da matan zumuntar coci da jama'ar unguwa baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Andrawus Zira
Mubi