Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Shekarun baya, 'yar farina tana aji biyar, waƙar da ta rubuta kan zaman lafiya ta ci kyauta a gasar 'yan firamare, aka gayyace mu biki a Makarfi. Ni kuwa da kunyar ɗan fari aka raine ni. Ban taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". A ɗakin surukata take kwana, ni kuma Yaya take ce mini. Zuwan ma surukata ce ta matsa, wai in riƙe mata jaka.

Muka zauna can baya, na ja mayafi, ina ta basarwa kamar 'yar maƙwabta na rako.

Aka kira ta ta karanta waƙar kafin a miƙa mata kyauta. Ta yi baiti biyu tiryan-tiryan, sai ta tsaya cak. Ta kalli sama, ta kalli ƙasa. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa, mai gabatarwa har ya miƙo hannu zai karɓi lasifika.

Waƙar nan kuwa na haddace ta tsaf, don kullum tana bita a tsakar gida ina tankaɗe, ina yi kamar ban ji ba. Wallahi ban san na miƙe ba. Sai ji na yi na ƙwala mata kira da sunanta, na ce, "Manomi da makiyayi rijiyarsu ɗaya. Ɗora daga nan!"

Ta ɗora, ta kai ƙarshe, aka yi tafi. Ni kuma matan garinmu Gazara da muka zo tare duk sun juyo, wata har da riƙe haɓa. Na zauna zufa na keto mini, kunya kamar in nutse.

A mota surukata ta ce, "Ashe kin san sunan nata? Mu da muke shirin gaya miki." Aka yi ta dariya har gida.

Wannan duk na shanye. Da yamma ina madafi yarinyar ta leƙo, rungume da littattafan da aka ba ta, ta ce, "Yaya, da kika kira, sai da na waiga in ga ko da wata kike."

Tsiyar matan garinmu ta daɗe da wucewa. Maganar yarinyar nan ce har yau in na tuna nake sunkuyar da kai.