Bakin da Na Ara a Gummi

Shekarar da aka katse layukan waya a jiharmu, aka rufe kasuwannin mako, ita ce shekarar da ɗan farina ya gama firamare. Ba zan kama sunansa ba, ko a nan. A gidanmu na Anka uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane. Haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi da ni. Ya koya mini ajami ina zaune kan buzu tun hantsi har azahar, bai taɓa ce mini na iya ba, ni kuma ban taɓa jin ya tauye ni ba. Da na samu nawa, sai na tashi ina ce masa "wannan yaron".

Yaron kuwa ba ya zama. In an aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi wajen masu faci yana riƙe musu taya, gishiri ya fita daga kansa. Yana ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Ko a sahun salla ƙafarsa ba ta daina motsi. Mata suka ce iska ce, na yi masa rubutu ya sha. Wasu suka ce gubar dalma ce, tunda yana goye a shekarar da ta kashe yara a Dareta da Yargalma. Daga ƙarshe na kai shi wajen wani likita a Gusau. Ya duba shi, ya yi ta tambayoyi, sannan ya faɗi sunan abin da Turanci, ADHD. Ya ce ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, hankalinsa ne ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ya ce in nema masa ƙaramar sakandare mai zaman kanta wadda aji bai cika maƙil ba, kuma in zauna da shugabanta in bayyana masa halin yaron da abin da yake iyawa.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da bakina bai saba ba.

Da aka buɗe makarantu na kai shi wata ta kuɗi a nan Anka. Shugaban ya karɓe mu da mutunci, ya tambaye ni yadda yaron yake. Duk bayanin likita yana cikina. Amma da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da kowane uba mai kunya yake faɗa idan ya miƙa ɗansa ga malami: ga shi nan, ba ya jin magana, in ya yi ba daidai ba kada a raga masa. A wajenmu wannan gaisuwa ce kawai. Malaminmu na da in ya ji ta, ya san ana nufin amana ce aka ba shi. Shi wannan shugaban baƙo ne a garin, sai ya ɗauki maganar yadda ta fito. Kafin zango ya ƙare gwiwoyin yaron sun yi kanta saboda durƙuso a rana. Ya fara ɓuya bayan keken ɗinkina da safe. Mahaifiyarsa ita ma kunyar ta ɗaure ta, sai dai ta tura ƙanwarsa da ruwan ɗumi ta gasa masa ƙafa.

Na cire shi. Aka ba ni labarin wata a Bukkuyum. Babu waya balle in tambaya, sai da na bi mota da kaina, muna tafe kowa na duban daji yana motsa leɓe. Makarantar tana da kyau, katangarta doguwa. Saboda tsoron 'yan bindiga ana kulle ƙofa tun safe, yara ba sa fita ko lokacin tara, a cikin aji suke cin abincinsu. Ban ga laifinsu ba. Na tsaya a tagar wani aji ina kallon yara a jere kan benci, kafaɗa na gugar kafaɗa, na san nawa ba zai kai azahar a ciki ba. Na dawo gida ba tare da na ambaci abin da ya kai ni ba.

Watanni suka wuce yana zaune a shagona. Zaune dai a faɗa. Shi ke naɗa mini zare, shi ke juya keke, shi ke tsere zuwa wajen mai guga. A nan na lura da wani abu. In hannunsa yana aiki, duk abin da ya shiga kunnensa ya zauna. Ina bitar karatuna a hankali ina ɗinki, sai in ji shi yana biye da ni, har ya riga ni kai ƙarshen aya. Na gode wa Allah a zuciyata. Ban faɗa wa kowa ba, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Sai taubashina, ɗan gwaggona, mai gyaran injin ban ruwa a Gummi. Tsakanin taubasai babu kunya, sai tsiya da zolaya. Kuma akwai tsohuwar magana tsakaninmu. A shekarar dalma yana zaune a Yargalma, 'yarsa ta fari tana ƙarama ta kama jijjiga. Na je dubiya na tarar da shi a ƙofar gida cikin dattawa yana jan carbi kamar ba 'yarsa ba, idanunsa jajur. Ba zai iya tashi ya nuna ruɗewa a kanta ba. Ni na shiga na ɗauko ta da uwarta a babur, na kai su wajen masu magani a Bukkuyum, na yi ta ɗaga murya a bakin ƙofa har aka karɓe ta. Allah ya yi da sauran kwananta. Tun daga ranar, duk haɗuwarmu sai ya ce yana riƙe da bashina, ni kuma in ce matsiyaci irinsa da me zai biya.

Ya zo Anka ta'aziyya, ya biyo shagona. Ya ga yaron yana kai da komo, ya tambayi dalilin zamansa gida. Na ba shi labari ta hanyar da na iya, wato da zagi. Na ce wannan shashashan ya hana kowa sakat, ya haddace izu yana naɗa zare amma ya kasa zama kan benci. Ya saurara yana dariya, sannan ya daina.

"Kai dai tela, bakinka a ɗinke ya ke," in ji shi. "Kawo min shi Gummi. Akwai wata makaranta bayan gidana, ni ka gyara musu famfo."

Muka tafi da sassafe, lokacin da motoci ke haɗuwa su bi hanya tare. Makarantar ƙarama ce, ajujuwanta ba su cika ba, da fili da bishiyoyin darbejiya cikin katanga. Shugabar mace ce mai yawan shekaru, ba ta da gaggawa. Ta sa aka ba mu kujeru, yaron yana tsaye yana taɓa ƙararrawar da ke kan teburinta. Ba ta hana shi ba. Ta dube ni ta ce in faɗa mata abin da ɗana ya fi iyawa.

Na dubi ƙasa. Na ji tsohuwar maganar nan tana hawowa, ga shi nan, ba ya jin magana. Na danne ta, amma babu wata a bayanta.

"Hajiya, bar wanga," taubashina ya ce. "Yaron ɗan fari nai ne, ko za a yanka shi ba ya hwaɗi. Ni ka magana."

Ya yi magana kuwa. Ya faɗi abin da likita ya ce, ya faɗi durƙuson da aka sa yaron, ya faɗi zare da izu. Duk zagin da na yi a shago ya juye shi ya koma yadda yake a cikina. Shugabar ta ce ta taɓa koyar da irinsa. Za ta ajiye shi a gefen aji kusa da allo, in zama ya ishe shi ya miƙe tsaye a baya ba tare da neman izini ba. Shi zai riƙa share allo da buga ƙararrawa. Za a riƙa ba shi umarni ɗaya, in ya gama a ba shi na biyu. Ba za a doke shi don motsi ba, amma in ya yi rashin kunya za a hukunta shi kamar kowa. Ta ce ba ta yi alkawarin komai zai tafi daidai ba.

Sannan ta sake dubana. "Malam, abin da ɗan'uwanka ya faɗa, haka ne?"

Yaron ya saki ƙararrawar yana kallona.

"Haka ne," na ce.

Iyakar abin da na iya ke nan, kuma yaron ya ji.

Sauran maganar ita ce mai nauyi. Hanyar Anka zuwa Gummi ba wadda za a bi kullum ba ce, ko duk mako. Dole ya zauna a Gummi, riƙo a hannun taubashina, mu kuwa mu gan shi in hanya ta yi sauƙi. Har yau haka muke. Wani zangon yakan zo da labari mai daɗi, wani kuma an kira taubashina makaranta. Shagona ya yi shiru, ni ke naɗa zarena.

Ranar da na bar shi, sun rako ni tasha. Ban dafa kansa ba, mutane na kallo. Na ce masa ya riƙe salla, ya ce to, idonsa na kan wani mai gyaran babur. Na shiga mota. Taubashina ya leƙo ta taga ya kama hannuna.

"Ka yi wa tawa baki a Bukkuyum, na yi wa naka a Gummi. Na biya ko ban biya ba, mugun tela?"

Na ce ya biya.